Wadda Ta Fito a Mayya

Takalmin sabo ne. Zahra'u ta lura da hakan lokacin da Mama Sa'adatu ta ɗaga ƙafa za ta shiga adaidaita sahu, 'yar takardar farashi tana nan liƙe a ƙasan dunduniya. Mayafin ma da karin guga a jikinsa. Matar ta zauna ta rungume wata baƙar leda a cinya, ta roƙi mai adaidaitar ya bi a hankali, ita ba ta saba fita ba.

Daga Unguwa Uku zuwa Gyaɗi-Gyaɗi ba ya wuce minti goma sha biyar in babu cunkoso. Tun da asuba Zahra'u ta ƙudurta cewa a cikin mintunan nan za ta faɗa mata.

Wata huɗu ke nan suna haɗa dokumentari a kan Kurwa a Tulu, fim ɗin ban tsoro da ya fito a 1999, wanda duk wanda ya yi ƙuruciya a Kano a lokacin yake tuna yadda ya hana shi fita fitsari shi kaɗai. Murtala ne darakta. Zahra'u, da ta gama karatun aikin jarida bara, ita ce mai bincike, ita ce kuma mai riƙe kyamara ta biyu. Ita ta yi sati shida tana bin lunguna har ta gano matar da ta fito a Gwaggo Lanti, mayyar da take tara kurwar jarirai a cikin tulu. A wani ɗakin haya ta same ta, tana ɗinkin hula.

Sai a zuwa na uku Mama Sa'adatu ta ba ta labari, idonta a kan allura. Shekararta ashirin da shida lokacin, tana sayar da waina a bakin kasuwar Tarauni, da aurenta da 'yarta guda. Sha'awa ce ta kai ta fim. Wata biyu da fitowar kaset, layin masu sayen waina ya fara gajarcewa, har ta kai kullu yana tsami a roba. Sai yaron maƙwabta ya kwanta zazzaɓi, cikin magagi ya riƙa kiran Gwaggo Lanti. Aka taru a ƙofar gidanta, aka fito da ita, aka shimfiɗe yaron a tabarma aka ce ta tsallaka shi sau uku ta sakar masa kurwa. Ta tsallaka, don ta ga dutse a hannun wasu.

“Da ya mutu, ni na cinye shi,” in ji ta. “Sai ya warke. Kin ga kuwa an samu shaida.”

Mijin ya sake ta a satin. Danginsa suka ɗauke 'yar tata A'isha tana da shekara biyu, suna addu'ar Allah ya sa ba ta sha abin a nono ba. Tun daga nan Sa'adatu ba ta ƙara sana'ar da za ta shiga bakin wani ba.

Adaidaitar ta kutsa tsakanin wata tirela da masu turin ruwa. Zahra'u ta buɗe baki, sai Mama Sa'adatu ta riga ta. A'isha ta haihu na uku, in ji ta, namiji, an yi suna watan jiya a Babban Giji. Ta je. An karɓe ta da mutunci, an shimfiɗa mata darduma ita kaɗai a gefe, an kawo mata abinci a kwano mai murfi. Da ta miƙa hannu za ta ɗauki jaririn, uwar mijin ta ce ai yanzu ya samu barci. Haka aka ce mata a na fari, haka aka ce mata a na biyu. Jikokinta yara ne masu yawan barci.

“Surukan A'isha duk suna da waya, 'yar nan. In Alhajin da ya shirya mana fim ɗin ya faɗa da bakinsa cewa wasa ne kawai, za su gani. Zai faɗa, ko?”

“Zai faɗa, Mama.”

Ba ƙarya ta yi ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Zai faɗa, har da ƙari. Kwana goma da suka wuce ta je wurin Alhaji Ɗan'azumi, wanda ya shirya fim ɗin, don hirar share fage ba tare da kyamara ba, ya ba ta labarin yana dariya har da hawaye. Da ta kai wa Murtala, sai ya miƙe tsaye ya zaga ofis sau biyu. Ya ce a zaunar da su biyun a kujera ɗaya, a bar Alhaji ya maimaita, kyamara ta biyu kuma kada ta bar fuskar matar ko da ƙiftawa. Zahra'u ta ce ko dai a fara sanar da ita. Murtala ya ce in ta sanar da ita ta kashe fim ɗin, fuska ba ta yin abu sau biyu. Ya ƙara da cewa ai gaskiyar nan ita ce za ta wanke matar, to ina laifi? Zahra'u ta ce to. Tun tana firamare haka take, in an ɗaga mata murya sai ta ce to, ta tafi da sauran maganar gida.

A mahaɗar Gyaɗi-Gyaɗi danja ta tsayar da su. Masu kai abinci asibiti suna ta tsallaka titi da kuloli a hannu. Zahra'u ta tsara maganar a ranta: Mama, akwai abin da za ki ji yau. Kalma takwas ce kacal. Mama Sa'adatu ta kwance bakin ledar ta nuna mata hula, ruwan toka da zare mai ruwan zuma, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Wata biyu ta yi tana yi wa Alhaji. A duk mutanen fim ɗin, in ji ta, shi kaɗai ya tako ya yi mata jaje bayan abin ya faru, har da buhun shinkafa. Mutum ba ya manta irin wannan.

Danja ta ba da hannu. Zahra'u ta ce hular ta yi kyau.

Falon Alhaji Ɗan'azumi ya cika da wayoyi da fitilu. Murtala ya sa an ja labule, an ɗauko tsohuwar fastar fim ɗin da ke cikin gilashi an jingine ta a bayan doguwar kujera: Sa'adatu tana matashiya, an shafe mata fuska da toka, idanu jajur, tulu a kafaɗa. Alhajin ya fito yana gyara babbar riga, mutum mai ƙiba da fara'a, irin wanda dariyarsa take riga shi shiga ɗaki.

“A'a, Gwaggo Lanti da kanta! Ku ɓoye yara!”

Mama Sa'adatu ta yi 'yar dariya, ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙa masa hular da hannu biyu. Ya juya ta, ya yaba, ya cire tasa ya kafa wannan, ya tambayi Murtala ko ba ta fi dacewa da rigar ba. Murtala ya ce a bar ta a kansa, ta hau da haske.

Zahra'u ce ta maƙala mata makirfo. Sai da ta zura wayar ta ƙarƙashin mayafi, ta kusanci matar har tana jin ƙamshin turaren wuta a kayanta. Babu mai jin su. Mama Sa'adatu ta raɗa mata ko janbakin bai yi yawa ba, shekara ashirin da biyar rabonta da shi. Zahra'u ta ce bai yi ba. Ta koma bayan kyamararta.

Rabin awar farko ta tafi lafiya. Suka tuna yadda aka yi jini da zoɓo da sitaci, yadda janareta ya mutu a tsakiyar fitowar maƙabarta, yadda Sa'adatu ta koyi dariyar Gwaggo Lanti daga kukan wata tsohuwar ƙofar langa-langa a gidan kakarta. Ta saki jiki, hannunta yana yawo a iska, har ta gyara wa Alhaji sunan ƙauyen da aka ɗauki fitowar rijiya. A ƙaramin gilashin kyamara Zahra'u ta ga wata mace daban, wadda ta iya magana, wadda ta san inda haske yake ba tare da an nuna mata ba.

Sai Murtala ya duba takardarsa, ya tambayi Alhaji, ranka ya daɗe, wai mene ne sirrin da ya sa fim ɗin ya karɓu haka.

Alhaji ya gyara zama. Ya ce yaran yanzu suna ganin su suka ƙirƙiro talla da waya. Sati biyun farko, in ji shi, kaset ɗin ko motsi bai yi ba a kasuwa, kwali-kwali a jibge, ya fara tunanin sayar da motarsa. Sai dabara ta zo masa. Wa yake kallon fim da rana? Matan aure. Wa yake shiga gidan matan aure ba sallamar mai gida? Dillalai. Ya kira dillalai uku, ɗaya a Tarauni, ɗaya a cikin gari, ɗaya a Fagge, ya ba kowacce turmin atamfa. Abu ɗaya ya ce su yi: duk gidan da suka shiga, in an baje kaya ana ciniki, su rage murya su ce matar nan fa ba wasa take yi ba, gadonta ne, har ɗan mai riƙe fitila ta kama a wurin ɗauka.

“Wallahi mai fitilar nan ko aure bai yi ba,” in ji shi, yana dukan cinya. “Kafin Juma'a ta zagayo har daga Maraɗi ake aikowa. Ita kuwa baiwar Allah, ko kaza ba ta iya yankawa. Ku rubuta, ni Ɗan'azumi na faɗa: babu maita, talla ce.”

Murtala ya ɗaga yatsa biyu ta bayan cinyarsa, alamar a matso da hoto. Zahra'u ta ji hannunta a kan madannin. Ta matso.

Fuskar ba ta yi abin da Murtala yake jira ba. Babu hawaye, babu salati. Murmushin da ke bakinta ne ya ɗan jima a wurin, kamar baƙon da bai ji an ce a tashi ba, sannan ya tafi. Ta dubi hannuwanta. Fanka tana juyawa, wani mai gwanjo yana shela a waje.

“Alhaji,” in ji ta a hankali, “ranar da ka kawo mini shinkafa, ka san daga ina maganar ta fito?”

Ya ce haba Hajjaju, ai shi ya sa ya kawo. Bai zaci abin zai kai haka ba, mutanenmu ne da ɗaukar zance. Amma ta duba, shekara nawa yau, wa ake tunawa a fim ɗin nan? Ba jarumin ba, ba jarumar ba, ita. Ga shi har 'yan jami'a suna nemanta da kyamara. Ya juya ga Murtala ya tambaya ko ba haka ba ne. Murtala idonsa yana kan allo, yana cizon leɓe don kada murnarsa ta fito.

Mama Sa'adatu ta gyaɗa kai sau biyu, kamar an gaya mata kuɗin mota. Sannan ta ɗago ta dubi kyamara ta biyu, tsakiyar gilashin.

“'Yar nan, zo ki cire mini abin nan.”

Murtala ya yi mata nuni ta tsaya, saura tambaya biyu. Zahra'u ta bar kyamarar tana ɗauka, ta tafi. Ta durƙusa a gabanta, maƙalin ya kama zaren mayafi ya ƙi fita. Matar ba ta taya ta ba. Ta sunkuyo daidai kunnenta, murya ƙasa ƙwarai, amma makirfon yana nan a ƙirjinta, kuma Zahra'u ta san Murtala yana ji ta abin kunnensa.

“Da kika ce mini zai faɗa, kin riga kin ji wannan?”

Zahra'u ta nemi abin cewa. Akwai dalilai, ta haddace su kwana goma: gaskiya ce, za ta wanke ki, surukan A'isha za su gani. Duk suna nan, kuma duk gaskiya ne. Ta gyaɗa kai.

Maƙalin ya fita. Mama Sa'adatu ta shafa wurin da tafin hannu har zaren ya kwanta. Ta ɗauki ledarta da babu komai a ciki, ta ninke ta huɗu, ta miƙe. Alhaji yana cewa a kawo lemo, ai ba a gama ba, yana da labarin yadda hukumar tace finafinai ta so ta yanke fitowar tulu. Murtala ya juya kyamara ta ɗaya yana bin ta da ita, yana yi wa kowa alamar shiru.

Ba ta yi sauri ba. Ta ɗaga labulen ƙofa, hasken azahar ya faɗo cikin falon ya ɓata hoton, ta sake shi ya koma.