Gizlan da Aikin Dare

Tun da Gizlan ta samu aiki a wani kamfanin amsa wayar masu ƙorafi a birnin Kasabalanka, darenta ya koma rana. Masu kiran mutanen Kanada ne, kuma lokacin da suke zuba ƙorafinsu a can, nan kowa ya yi barci. Sai gari ya waye take shigowa gida, idanu jajur, kai kamar an ɗora mata dutse.

Gidan kuwa ba ya barin mutum ya runtsa da rana. Mahaifiyarta, Lalla Zuhur, tana buɗe tagogi, tana bugun darduma, rediyo na ta yi. Da Gizlan ta fara lumshe ido sai ta ji:

"Tashi ki kai min kwaɓin nan gidan burodi. Mace ta kwanta rana tsaka kamar mai jinya!"

Haka za ta tashi, ta je, ta dawo. Abin da ya fi damunta yunwa ce, wata irin yunwa da ba ta jin magana. A wurin aiki ta ci biskit, ta sha shayi mai sukari don kada ta yi gyangyaɗi. A gida ta ci wainar fulawar da suke kira masamman da zuma, ta ƙara da burodi, amma cikin bai ce ya isa ba. Kafin shekara ta zagayo, rigunanta duk sun matse ta.

Da bikin yayanta Anwar ya matso, kaftanin da aka ɗinka mata ya ƙi shiga. Lalla Zuhur ta riƙe haɓa.

"Daga yau babu ke babu burodi. Ganye za ki ci."

Gizlan ba ta da ƙarfin musu. Ta ci ganye a gaban uwarta, ta ci biskit a bayan idonta.

Wata Juma'a da hantsi suka tafi hamam, wato gidan wankan unguwa. Zafin ɗakin wankan ya ratsa ta, ta jingina da bango, bokiti a gabanta, sabulu a hannu, barci ya kwashe ta. Uwar ta ɗaga hannu za ta girgiza ta, sai wata maƙwabciyarsu, Lalla Mubarka, wadda ta tsufa a aikin jinya, ta riƙe mata hannun.

"Ƙyale ta, Zuhur. Yaushe rabon yarinyar nan da barci?"

"Barci? Ai shi ya kumbura ta! Kullum a kwance."

"A kwance, kina kaɗa mata ganga a ka. Ni na yi aikin dare, na san shi. Wanda bai yi barci ba yunwarsa ba ta ƙarewa, kuma zaƙi yake nema. Lokacin da nake yi, ƙofar motar haya da ƙyar nake shiga. Hana ta burodi har ki gaji, in ba ta yi barci ba, aikin banza kike."

Lalla Zuhur ta sauke hannunta. Ta zauna tana kallon 'yarta, bakin yarinyar a buɗe, kai ya karkace, ƙarƙashin idanun ya yi baƙi. Ta zare sabulun daga hannunta a hankali.

Da Gizlan ta farka ta zabura. "Mama, na daɗe?"

"Juya in cuɗa miki baya," kawai uwar ta ce.

Washegari ta dawo daga aiki ta tarar an mayar da katifarta ɗakin baya, an rataya bargo mai kauri a taga. Ta kwanta da kayanta a jiki, ba ta tashi ba sai la'asar. Ta jima zaune a bakin katifa tana jin jikinta kamar na aro.

Kaftanin dai bai shiga ba. Sai da tela ya ƙara masa ƙyalle a gefe, aka sha biki a haka. Gizlan ta nemi a mayar da ita aikin rana, shugabanta ya ce ta jira, akwai mutane a gabanta. Tana nan tana jira. Ƙibar ba ta tafi ba tukuna, sai dai wata rana a wurin aiki abokiyar zamanta ta miƙo mata biskit, ta duba shi ta ga ba ta so, ta mayar da abin sauraro kunnenta ta amsa kira na gaba.