Rigar Kaka Lucille

Shekara uku Odessa tana bin ƙungiyar nan kamar jela. Ƙungiyar 'yan mata ce a jami'arsu ta baƙar fata da ke Alabama, wadda kakarta Lucille ta shiga tun tana budurwa. Duk taron da suka kira, Odessa ce mai jera kujeru. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana son shiga ba, don ba a faɗa, sai dai su gan ki su kira ki. Keondra ce kaɗai ta sani, abokiyar ɗakinta, wadda ita ma abin ke ranta.

A shekara ta biyu aka kira Odessa, aka bar Keondra. Wuni Keondra ta yi tana kuka a kan gado.

"Share hawayenki," in ji Odessa. "Ko mu shiga tare, ko a fasa."

Ta kuwa je ta ba su haƙuri, ta ce sai baɗi. Baɗin kuma ita ce shekararsu ta ƙarshe.

Akwai rigar sanyi ta marigayiya Kaka Lucille a akwatin Odessa, ruwan shuni, da haruffan sunan ƙungiyar a ƙirji. Wata Lahadi bayan coci Keondra ta zaro ta.

"Ke, saka mana mu gani."

"Kin san ba a sa haruffan sai an shiga."

"Wa zai gan ki, bango? Rigar kakarki ce fa, uwar tsoro!"

Minti ɗaya rigar ta yi a jikin Odessa a gaban madubi. Har yanzu tana ƙamshin man gashin Kaka. Sai ta ji ƙyas, an ɗauki hoto.

"Goge shi, don Allah."

"Na goge, haba."

Da lokacin kira ya zo, wayar Odessa shiru. Keondra ta taɓe baki ta ce ita ma shiru, a rabu da su. Daga nan ta fara ɓacewa, wai an ƙara mata aiki a shagon soya kaji.

Ranar fito da sababbi, da la'asar, Odessa ta je filin makaranta ta jera kujeru kamar kullum. 'Yan mata tara suka fito a layi daga gajera zuwa doguwa, fuskoki a rufe, suna buga ƙafa ƙasa na amsawa. Aka fara yaye musu fuska ɗaya bayan ɗaya. Ta huɗu ta ɗaga murya za ta gai da manya, tun kafin a yaye mata fuska Odessa ta gane ta. Muryar da take ji kullum da safe ce.

Renita, ɗaya daga manyan ƙungiyar, ta matso kusa da ita.

"Ƙanwata, me ya kai ki? Gurbi ɗaya ya rage, ke ko ita, kuma ke muka so. Sai ga wannan an turo mana."

Ta miƙo waya. Ga Odessa cikin rigar Kaka tana murmushi. A cikin madubin, can gefe, ga Keondra riƙe da waya.

Da aka tashi Keondra ta iso, sabuwar riga a jikinta, lamba huɗu a hannun rigar.

"Odessa, tsaya ki ji. Ni ma fa shekarata ta ƙarshe ce. Ke kina da kaka, ni wa gare ni?"

Odessa ta naɗe kujerar da ke hannunta.

"Da kin ce min ke kaɗai za ki, da na ba ki hanya. Ai na taɓa ba ki."

Ta jingine kujerar a jikin bishiya. Sauran kujerun suna nan birjik a fili, ta bi ta tsakiyarsu ta wuce.