Gurbin Yatsan Sajan Tanimu

Hasanatu na cikin ƙulla robobin shinkafa da miya na ɗaliban da suka yi odar tapau, wato abincin tafi-da-gidanka, sai ga Hanan ta faɗo mata ɗaki, ko sallamar ba ta ƙarasa ba, waya a hannu.

"Anti, look! Yaya Abdulnasir ya turo hoton. Surprise ne lah, Baba zai yi murna sosai."

Hasanatu ta goge hannu a zani ta karɓa. Ƙaramar bindiga ce, libarba, irin mai gidan harsashi da ke juyawa, an kwantar da ita a kan jan ƙyalle tana ta sheƙi kamar jiya aka ƙera ta. Katakon mariƙinta sumul, ko ƙwarzane babu. Hasanatu ta ƙura wa katakon ido.

Wata biyar ke nan suna maƙwabtaka a hawa na tara, a wani dogon bene na unguwar Sri Petaling, a Malesiya. Hanan karatu take yi a wata kwaleji, ta ɗauko mahaifinta Baba Na'Allah daga Kano don a duba masa ciwon ƙoda. Da rana idan ta tafi makaranta, Hasanatu ce ke leƙa shi, ta kai masa kunu, ta ɗan zauna. Ɗan zaman nan kuwa ba ya ƙarewa da wuri, domin tsohon Allah ya hore masa baki, kuma zancensa ɗaya ne tal. Shekara talatin da biyu ya yi yana kula da ɗakin makamai na 'yan sanda, da ya yi ritaya kuma sai ya koma tara tsofaffin libarba. Goma sha ɗaya gare shi a Kano, duk an toshe bakinsu ba sa harbi, kowacce da takardarta. A Malesiya ko sunan bindiga ba a son ji, don haka ya bar su gida ya taho da labarinsu. Hasanatu, wadda ƙarar fashewar balan-balan ma ke sa ta salati, ita ce ta zama ɗalibarsa dole.

"Tsohuwar bindiga, 'yata, tsufanta ne darajarta," haka yake cewa. "Ranar da aka mayar da ita masana'anta, za su kankare ta, su sake mata baƙi, su canja katako, sannan su buga ɗan tambari kusa da kunama. Jahili ya gani ya ce ta yi kyau. Masu tarawa kuwa da sun hango tambarin nan sai su ajiye ta su yi gaba. Ko masana'antar da ta haife ta ce ta yi aikin, ta dai zama ta biyu."

A cikin sha ɗayan nan akwai wadda ba ya haɗa ta da kowacce, ta mahaifinsa Sajan Tanimu. Shekara ashirin Sajan yana rataye da ita, har babban yatsansa ya ci katakon ya yi ɗan gurbi. Baba Na'Allah ya ce ba shi da hoton ubansa ko ɗaya, amma idan ya ɗora yatsansa a gurbin nan sai ya ji kamar sun gaisa. Wata biyu da suka wuce, da ya ga jikin ba ya gaba, ya sa Hanan ta gaya wa babban ɗansa Abdulnasir ya ɗauko masa hotonta. Kullum sai ya tambaya, kullum amsar ita ce ana hanya.

To ga abin da ke hanyar ya iso. Gyaran gangar Auzinawa.

"Hanan, ki ɗan bari tukuna," in ji Hasanatu. "Kada ki nuna masa yau."

"Why, Anti? Doctor ya ce it's just days. In ba yau ba yaushe?"

Yarinyar ba ta taɓa zama ta ji darasin ba, da tsohon ya ɗauko zancen take sa abin kunne. Hasanatu kuwa ta san sauran labarin. Baba Na'Allah mutum ne mai saurin fushi, kuma tsakaninsa da Abdulnasir dama ba a cika jituwa ba. Kullum cewa yake yaron ba ya jin magana sai ya gama aikata tasa. Abin da ke ba ta tsoro ke nan, kada tsohon ya buɗe baki a kwanakinsa na ƙarshe ya faɗa wa ɗansa kalmar da ba za ta janyu ba, ya tafi ya bar shi da ita har abada.

Bangon benen nan kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Muryar tsohon ta taso daga ɗakinsa, a shaƙe.

"Hanan! Hoton ne ya zo?"

Suka shiga tare. Yana jingine da filo uku, ƙafafunsa sun kumbura, fanka na kaɗa labule. Ta taga ana jin jirgin ƙasa na LRT yana wucewa can wajen Bukit Jalil. Ya sa aka miƙo masa gilashinsa, ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa yatsu ya buɗa hoton kamar yadda Hasanatu ta koya masa, ya kai kan mariƙin, ya gangara wajen kunama, ya tsaya. Daga inda take tsaye Hasanatu ta hango ɗan tambarin.

Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Kira min shi," ya ce.

"Baba, ka sha kununka tukuna," in ji Hasanatu. "Ko makan ba ka yi ba tun safe, cikinka ba komai."

"Na ce a kira min shi."

Hanan ta kira, ta sa a lasifika. A Kano gari bai daɗe da wayewa ba, amma bugu ɗaya Abdulnasir ya ɗauka, da alama a zaune yake yana jira.

"Baba, barka da rana, ya jiki? Ka gani? Wallahi da na buɗe akwatin na gan ta duk ta dafe, katakon ya lotsa, na ce ba zan nuna maka kayan Kaka a haka ba, ai rashin kunya ne. Har masana'anta na kai ta, a Kaduna. Wata biyu ina sintiri, Baba, sai da na nemo takardu kala-kala kafin su karɓa."

Hasanatu ta riƙe ƙarfen gadon.

"Tsohon katakon fa?" tsohon ya tambaya a hankali.

"Ai ya gama aiki, Baba, sun zubar. Wannan sabo ne fil, mai kyau suka sa."

Baba Na'Allah ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen gilashin ya shige cikin furfurar gemunsa. Shirun ya yi tsawo har Abdulnasir ya ce, "Hello? Baba? Network ne?" Hasanatu tana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, a zuci.

"Ina jin ka," in ji tsohon. Ya ja numfashi. "Wata biyu ka ce?"

"E, Baba."

"To. Ta yi ƙyalli, Abdulnasir. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka wahala kamar yadda ka yi min. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min."

Daga can aka ji ƙaton mutum ya fashe da kuka. Hanan ma ta kasa tsayawa, ta ɗauki wayar ta fita baranda.

Tsohon ya cire gilashin, ya dubi Hasanatu.

"Kin ga tambarin?"

"Na gani, Baba."

"Ashe dai karatun ya shiga." Ya yi ɗan murmushi wanda bai kai ko'ina ba. "To daga ni sai ke. Ko bayan raina ban yarda ya ji ba."

"Ba zai ji ba."

"Kano zuwa Kaduna, wata biyu. Ni ban taɓa zaton yaron nan zai yi min sintirin kwana biyu ba." Ya juya fuskarsa wajen bango. Babban yatsansa na dama yana ta murza bakin bargo, har barci ya ɗauke shi.

Tun daga ranar bai ƙara ɗauko zancen bindiga ba, kuma Hasanatu, abin mamaki, sai ta ji tana kewar darasin. Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika, Hanan na riƙe da hannunsa, Hasanatu na maimaita masa kalmar shahada. 'Yan Najeriya na unguwar Chow Kit suka rufe shaguna suka zo, ɗalibai suka cika matakala, har mai kedai, ɗan kantin da ke ƙasan bene, ya hawo da katan ɗin ruwa. Washegari bayan Juma'a aka kai shi makwancinsa. Abdulnasir bai sami biza a kan lokaci ba.

Ranar uku ya kira, ya ce a ba shi Anti Hasanatu. Ya yi mata godiya mai tsawo, sannan muryarsa ta yi ƙasa.

"Anti, ke kina wurin. Ki gaya min tsakaninki da Allah, Baba ya ji daɗin aikin nan? Na ji ya yi shiru da yawa."

Hasanatu ta dubi ƙasa. Ƙarya ba halinta ba ce, alkawari kuma ta ɗauka.

"Abdulnasir, a kunnena ya sa maka albarka. Bayan an kashe wayar ma sai da ya sake maganar wahalar da ka yi masa. Ka riƙe wannan."

Ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi, ya ce alhamdulillahi sau uku.

Da ta fito mayar da wayar, ta tarar da Hanan a tsugune a bakin ƙofarsu da bokiti da buroshi. Takalman tsohon ne a gabanta, na fata, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe ɗaya, ga sawun yatsunsa biyar-biyar sun yi baƙi a ciki.

"Zan wanke su ne, Anti, in ajiye."

Hasanatu ta sunkuya ta zare buroshin daga hannunta.

"Bar su haka," ta ce.

Ta jera su a gefen ƙofa, ta ɗauke bokitin.