Mashin Ya Yi Shiru

Mashin ɗin maigidana yana da wata ƙara, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Da safe ta fi yawa, in inji ya yi zafi sai ta ɗan lafa. Da shi yake kai albasa kasuwar Aliero daga nan Gehuru, buhu biyu a baya, ɗaya bisa tanki. Ladan ake ce wa maigidan nawa. Ɗiyarmu Zaituna tun yana bayan gari take jiyo shi, ta ruga ta buɗe ƙyauren zaure. Shekararta tara. Ban taɓa kiran sunanta ba, don ita ce ta fari, a wurinmu uwa ba ta faɗa. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar ga".

Ni ƙarar nan kunya take ba ni. In muna gidan suna ya wuce ta bayan katanga, sai maƙwabciyata Hauwa'u ta taɓa ni ta ce, "Hafsatu, tashi ki aza ruwa, mai gwangwani ya dawo." A yi ta dariya, ni ma ina yi, amma abin yana cina.

Da bikin ƙanena ya matso a Maiyama, na ce ba zan hau abin nan in shiga cikin dangi ba. Maigida ya kai shi Jega wurin Ya'ƙub makanike, ya dawo da bayani. Wai akwai sarƙa cikin inji, ba wadda ake gani a waje ba, da wani ɗan ƙarfe mai roba a baki da ke danne ta kada ta yi sako-sako. Robar ta cinye, shi ya sa sarƙar ke dukan jikin inji. Sai an aiko da sabo daga Birnin Kebbi, kwana uku ke nan. Biki kuwa jibi ne.

Na ce to ya tafi shi kaɗai. Ban ci tuwo ba ranar. Washegari ya koma Jega ya ce a yi masa duk abin da zai kashe ƙarar. Ya'ƙub ya ƙi, maigida ya matsa masa. Daga baya Ya'ƙub ya cusa guntun ƙusa bayan ƙarfen, ya zuba baƙin mai mai kauri irin na manyan motoci. Maigidana ya faɗa mini abin da ya ce masa, bai rage ba: "Baki kawai na rufe mata, ciwon na nan. Ka dawo bayan biki."

Muka shiga Maiyama lafiya lau, ba ƙara ko kaɗan. Matan gidanmu suka tambaya ko sabo ne, ban ce a'a ba.

Bayan biki aka shiga cirar albasa. Maigida bai koma Jega ba, ni ma ban tuna masa ba. Yarinyar ce kaɗai ta yi ƙorafi, wai yanzu ba ta jin zuwan Baba sai dai ta ga mutum a tsakar gida.

Sati biyar da biki, bayan azahar, na aike ta rudu, inda muke ajiye albasa, ta ɗebo mini ta miya. Gamsheƙa na kwance ƙarƙashi. Ta sare ta a hannu. Ubanta na gida, ya ɗaure hannun da gefen zanena, ya tada mashin. Na sa ta tsakaninmu, na riƙe ta da ƙirjina. Asibitin Jega ba nisa gare shi ba ga mai abin hawa.

Ba mu kai ga kwalta ba na ji wani ƙas cikin inji, ƙafar baya ta ja ƙasa, muka tsaya. Ya taka, abin takawar ya ƙi sauka. Ya hau da duk nauyinsa, ya ƙi. Ya buga wa wansa Bala waya, yana Aliero, masu mashin na garinmu duk suna can kasuwa. Sai ya yar da mashin a kan hanya, ya saɓa yarinyar a kafaɗa ya kama gudu, ni ina bin su riƙe da ƙafarta. Rairayi na ƙona mini tafin sawu, takalmana ban san inda suka faɗi ba.

Idonta ya fara rufewa da kansa, miyau na zuba bayan rigar ubanta. Ta ce, "Inna, ban ganinki." Harshen ya yi nauyi.

Na ce, "Zaituna, ga ni."

Ta yi ƙoƙarin ɗaga kai ta ga wa ya kira ta. Ba ta san muryata da sunan ba.

Wani mai kai madara ya ɗauke mu a bakin kwalta. Muka isa asibiti ana kiran la'asar. Wata ma'aikaciyar jinya ta riga ta ɗauko maganin, yana hannunta, ta duba yarinyar, sai ta mayar da shi. Rai ya riga ya yi halinsa.

Ranar uku Ya'ƙub ya zo gaisuwa. Da zai tafi ya ajiye baƙar leda kusa da tabarmar maigida. Ƙarfen ne. Ya iso tun satin biki, yana rataye a shagonsa yana jira. Bai fi tsawon yatsana ba.

Maigida bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban ɗora masa ba, ba mu dai maganar. Mashin na zaure an rufe shi da tsohon buhu, kaji na kwana a kai. Ƙarfen yana cikin kwallata tare da ɗan kunnenta. In wani mashin mai ƙara ya wuce ta bayan katanga, har yanzu sai na dubi ƙyaure in ga ko za a ruga a buɗe.