Ƙofa Ta Ashirin Da Huɗu

"Gidan Daudu makaho fa?"

"Ashiru ne," in ji Halliru.

"Matar Sama'ilu mai jego?"

"Rahamatu, ƙanwarta ta ɗauki jaririn."

Malam Bunu ya lumshe ido. Kwana tara ke nan yana kwance, ko kunu ba ya wuce masa, amma sai da ya sa aka kirawo maƙwabcinsa Halliru mai faci daga bakin titi, ya zaunar da shi yana karɓar hadda.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ruwan duwatsu ya gangaro Unguwar Kwari, can bayan Kazaure, ya tafi da mutum huɗu, duk waɗanda ba sa iya gudu. Tun daga nan Malam Bunu ya rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a jikin darbejiya, ya kuma raba ƙofofi: duk mai lafiya yana da ƙofar wani mai rauni, da an buga ƙarfe can zai nufa kafin gidansa. Kowace farkon damina sai ya buga na gwaji da rana tsaka, mutane su hau dutse suna tsaki, wasu da kwanon tuwo a hannu. Halliru, wanda shi ya ba da ƙarfen, shi ne kuma ya laƙaba masa Gwamnan Ambaliya.

"Ashirin da uku, Baba. Sun cika."

Tsohon ya tura masa ƙaramar wayarsa da yatsa. "Hamma zai kira daga rugarsu, wajen Roni. In ya kira, kada ka tsaya duba sama. Ruwan da zai ci ku ba a kanku yake zuba ba."

Ya cika ranar Alhamis da hantsi, aka kai shi kafin azahar. Matarsa Inna Saude ta shiga takaba, mata suka kewaye ta a ɗaki. Maza kuwa suka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar nan, ƙarfen na reto a kansu.

Bayan la'asar, rana tas, wayar ta yi ƙara a aljihun Halliru.

"Baba Bunu, ruwa ya taso! Ya shafe mashayar shanu!"

"Baba ya rasu da safe, Hamma."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To ka buga, ɗan'uwa, ka buga!"

Halliru ya kalli sama, abin da aka hana shi. Ko ɗigon hadari babu. Ya ji kunyar tayar da masu gaisuwa, amma ya ɗauki guduma ya buga.

Abin da ya gani ya tayar masa da tsigar jiki. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya tambaya. Mutane suka miƙe daga tabarmi, kowa ya nufi lungunsa kamar masu tafiya sahu. Ashiru ya fito goye da Daudu. Masu tsakin nan na shekara da shekaru, kowa ya san ƙofarsa. Kafin a gama hawa dutse, an fara jin ruri daga kwari, ga jan ruwa yana tafe da karan dawa da tsintsiyoyi.

A kan dutse Halliru ya ƙirga: ashirin da uku. Ya yi hamdala. Sai idonsa ya sauka kan shuɗiyar ƙofa a ƙarshen unguwa. Iya Gumsu! Kurma ce, ko a kunnenta aka buga ƙarfe ba za ta ji ba. Ba ta cikin hadda, domin ita ce ƙofar Malam Bunu da kansa. Shekara goma sha ɗaya shi ke zuwa, ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga mata jar hularsa, ta gane ta fito. Kowa ya riƙe tasa ƙofar, ba wanda ya tuna mamaci ma yana da tasa.

Ya gangara a guje. A ƙasan dutse, inda ruwa ya kai gwiwa, ya ci birki. Tsofaffi biyu ne ke tahowa riƙe da juna, zannuwansu sharkaf. Ta gaba ta lulluɓe har goshi, jar hula a hannunta.

"Inna! Ke da ke takaba? Na zaci mata sun hau da ke."

"Na zame musu," in ji Inna Saude tana haki. "Jiya ya ba ni hular. Ya ce, Saude, ko ranar da aka binne ni ce, ki fita. Kama ta nan, Halliru, ƙafarta ba ƙwari."

Halliru ya kama, hawaye na zuba, bai ko share ba. Mutumin da numfashi ke gagara, ashe har wannan ya lissafa.

Ruwan ya ci katanga goma sha shida, bai ci rai ko ɗaya ba. Da rana ta yi ja, mutane suka yi jugum suna kallon tabarmin makoki na yawo a kan ruwa. Iya Gumsu ta taɓa gwiwar Inna Saude, ta nuna hular, ta buɗe tafin hannu tana tambaya. Ashe ba wanda ya sanar da ita. Inna Saude ta kwantar da kunci a kan hannu, ta nuna gabas, yadda ake kwantar da mamaci.

Iya Gumsu ta daɗe tana kallonta. Sannan ta karɓi hular, ta matse ruwan, ta shanya ta a kan dutse, ta ɗora tsakuwa don kada iska ta ɗauke.