Hitar da Baba Ila Ya Mayar

"Kar ki buɗe! Jummai, na ce kar ki taɓa murfin nan!"

Na riga na naɗe hannuna da gefen mayafi, saura ƙiris in murɗe murfin lagireto, sai muryar Baba Ila ta tsallako kwata ta same ni. Motar tana tsaye a ƙofar gidanmu tana huci, tururi na fita ta ko'ina, ruwan sama kuma bai fasa zuba ba. A kujerar baya 'yata Hafiza ta dunƙule wuri ɗaya, haƙoranta na haɗuwa.

"To in zuba mata ido ta ƙone, Baba?" na ce da ƙarfi, don raina a ɓace yake.

"Gara ita ta ƙone da fuskarki. Shigar da yarinyar nan ciki tukuna ki rufe ta da bargo. Motar ba inda za ta."

Baba Ila maƙwabcinmu ne a Unguwar Dosa, gidansa na kallon namu. Tun yana saurayi yake gyaran lagireto a wani gareji a Kawo, har ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu, 'ya'yansa suka raba shi da aikin suka dasa shi a kujerar roba a bakin zaure. Daga nan yake mulkin layinmu. Mota ba ta wucewa bai faɗi ciwonta ba, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, kuma abin haushin sai ka tarar gaskiya ya faɗa.

Hafiza tana da sikila, sanyi shi ne babban abokin gabarta. Ran nan motar ta yi zafi ta tsaya mana a hanyar makaranta, muka zauna cikin ruwa muna jira ta huce, sannan na lallaɓo da ita gida. Kafin la'asar ciwon ya taso. Wanda bai taɓa jin ɗansa yana cewa "Mama, ƙashina, Mama, ki cire min ƙafar" ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Sai da muka yi kwanaki a asibiti. Da za a sallame mu likita ya maimaita abin da na haddace tuntuni: a kiyaye ta daga sanyi. A tsakiyar damina, a garin da ruwa ke sauka daidai lokacin tafiya makaranta! In na sa ta a Keke Napep, iska ta ko'ina. In na ɗauke ta a tsohuwar motar da Abbanta ya rasu ya bar mana, ciki sanyi ƙalau, ga ta kuma da tsayawa inda ta ga dama.

Washegarin dawowarmu ina shanya, sai na ji ƙwanƙwasar sanda a ƙofa. Baba Ila ne ya tsallako kwatar da kansa, yana haki.

"Yaya jikin uwata?" Haka yake kiran Hafiza, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Da sauƙi, Baba. Wa ya ce ka fito?"

"Ke za ki tsare ni? Buɗe min bonet."

Ya daɗe yana leƙe, yana taɓa wannan yana shinshina wancan. Ya ce lagireton ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan burtsatse, kuma wani ɗan iska ya zuba masa taba gari don ya daina yoyo. Da izinina kuwa aka zuba. Can sai ya nuna min wani baƙin tiyo da bakin sandarsa.

"Kin ga wannan da ya fito ya lanƙwaso ya koma inda ya fito? Aikina ne. Ranar da mijinki Sabo, Allah ya jiƙansa, ya kawo motar nan daga Kwatano, wurina ya fara tsayawa. Da hannuna na yanke mata hita."

"Hita kuma?"

"Duk motar Beljiyam da ita take zuwa. Akwai wani ƙaramin lagireto a ɓoye ta wajen ƙafar direba, ruwan zafin inji yana bi ta cikinsa, fanka ta huro ɗumin cikin mota. Mu kuwa da mota ta iso sai mu raba shi da ruwan, mu ce wa zai nemi zafi a ƙasar nan. Zan mayar mata."

Dariya ta ƙwace min. "Baba, hita a Kaduna? Ai sai a ce na haukace."

"Su ce. Su ne ke kwana a asibiti?"

Maganar ta shige ni.

Matsalar ita ce Baba Ila ba ya iya sunkuyawa, balle ya kwanta ƙarƙashin sitiyari. Na ce zan kira bakanike daga Kawo. Ya yi tsaki, ya ce yaran yanzu za su karya robobin gaban motar su ce dama a karye suke. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Hannunki ƙanana ne. Ke za ki shiga."

"Ni? Baba, atamfa nake sayarwa a Babbar Kasuwa!"

"Wadda ta iya yanka yadi ba ta karkace ba, za ta iya kwance noti."

Haka muka fara. Kullum in na dawo daga kasuwa sai in ja motar zuwa ƙofar zaurensa, in ɗaure zani da kyau, in shimfiɗa buhu, in cusa kaina ƙarƙashin sitiyari ƙafafuna a waje. Shi yana kan kujera da akwatin kayan aikinsa a cinya, yana miƙo min sifana yana faɗa. Bai taɓa leƙa wurin ba, amma ya san inda kowane noti yake. "Hagu. Na ce hagu, Jummai! Hagun gidanku daban ne?" In na mayar masa da magana sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matan layi suka samu abin kallo. Wata ta ce in na gama in zo in duba mata injin markaɗe. Na ce ta kawo, amma kuɗina da tsada.

Ranar da na zaro ƙaramin lagireton, baƙi ƙirin da shi, ya karɓe shi da hannu biyu yana juyawa.

"Sannu, bawan Allah," ya ce masa. "Ka daɗe da ƙishirwa."

Ya sa matarsa Inna Mero ta jiƙa tsamiya mai kauri, ya ɗura a ciki don ta cinye tsatsar. Inna Mero tana mita, wai tsamiyar kununta ce aka ba wa ƙarfe. Da ya huro ruwa ya ga inda yake yoyo, sai ya sa aka hura masa gawayi a kasko, ya gasa ƙarfen liƙi, ya narka dalma ya bi wurin a hankali. Gumi ya jiƙa masa riga, leɓɓansa suka yi duhu. Sau da yawa yana ajiye ƙarfen ya jingina ya rufe ido yana neman numfashi. Ga shi da yammar nan ɗansa Musa ya bugo min waya daga Abuja, cikin ladabi dai, amma na ji zafin maganar: likita ya hana Baba aiki, don Allah in tausaya musu.

Na samu Inna Mero a madafi na ce mata na fasa. Ba zan zama sanadin wani abu ba.

Ta ci gaba da tankaɗe ba ta ɗago ba. "Tun da suka zaunar da shi, loma biyu yake yi ya ture kwano. Jiya har ƙari ya nema. Ki bar shi, Jummai. Ni zan ji da Musa."

Na koma waje ina share ido. Baba Ila ya yi kamar bai gani ba. Ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin kujera ya zazzage shi a kan tabarma. Wasu 'yan ƙarafa ne masu zagaye, kowanne da murɗaɗɗen waya a cikinsa, sun fi a ƙirga.

"Wannan shi ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi. Duk motar da ta zo hannuna sai na cire mata, don masu ita suna tsoron zafi. In babu shi, sai ki kai yarinya makaranta ki dawo ruwan bai yi ɗumi ba."

"Me ya sa ka tara su?"

"Oho. Abu ne mai kyau, na kasa zubarwa."

Ya zaɓi wasu ya jefa a tukunyar ruwa a kan gawayin, muka zuba ido. Da ruwan ya kusa tafasa, ɗaya ya buɗe baki a hankali, sauran ko motsi. Baba Ila ya tsamo shi da filaya yana murna kamar an yi masa haihuwa. Hafiza da ke zaune gefe cikin bargo ta tafa masa.

Na je kasuwar Panteka na sayo sababbin tiyo, ya mayar da ni wai na yi kuskuren kauri, na koma ina ƙunƙuni. Muka wanke babban lagireton ma, muka mayar da komai. Ranar da na ɗaure noti na ƙarshe ana dab da kiran magariba, na zabura zan tayar da mota, ya ɗaga sanda.

"Ajiye makullin nan. Sai gam ya bushe. Gobe da safe ni da uwata za mu fara shiga, ke direba ce kawai."

Da safe ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina haɗa wa Hafiza shayi sai ga Inna Mero ta faɗo gidan ba sallama, ba mayafi.

"Jummai, Malam! Numfashinsa!"

Maza biyu daga layi suka ɗauko shi. Ba ya iya kwanciya, don haka a kujerar gaba aka zaunar da shi, Inna Mero a baya ta riƙe kafaɗunsa. Na bar Hafiza wurin maƙwabta na tayar da mota. Jikinsa ya jiƙe tsakanin zaure da mota, yana ta karkarwa, ƙirjinsa na wani irin ƙara. Na kai hannu zan murɗa hitar, sai ya dafe min yatsu.

"Tukuna," ya ce da ƙyar. "Bari allura ta hau."

"Baba, don girman Allah, ka yi shiru ka huta!"

Ko a jikinsa. Ni ina kallon titi, ina danna oda, ina zagin masu Keke, shi idonsa na kan allurar zafin inji. Muna hawa babban titi ya ce, "Yanzu."

Na murɗa. Da farko ƙura ce ta huro mana da wani warin tsohon abu, Inna Mero ta yi atishawa. Iskar sanyi ƙalau. Na ce a raina shi ke nan, mun sha wahalar banza. Sai na ji wani abu a idon sawuna, kaɗan-kaɗan, sannan ya hauro. Hazon da ya rufe gilashi ya fara janyewa daga ƙasa. Baba Ila ya miƙa tafin hannunsa ya tare iskar, ya daɗe a haka. Karkarwar ta ragu.

"Mero, kin ji?"

"Na ji, Malam."

"Ashe abin kirki ne," ya ce. "Shekara da shekaru ina yanke wa mutane."

Ya karkata kai yana saurare. "Jummai, kin ji wannan ƙugin? Iska ce ta maƙale a ciki. Ki riƙa matsa tiyon sama da hannu, za ta fita. Kada ki bari wani ya ce miki aikin ne bai yi ba."

"To, Baba."

"Aikin ya yi."

Daga nan bai ƙara maganar mota ba, sai salati a hankali har muka isa asibiti. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Bayan la'asar aka sallace shi a ƙofar gida. Ban taɓa sanin yana da jama'a haka ba: tsofaffin direbobi, bakanikai da kayan aikinsu duk baƙin mai, har motoci suka toshe layin. Ina daga cikin gida ina jin tashinsu da shi, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar Abban Hafiza. Na so tsohon nan, wallahi na so shi.

Bayan sadakar uku na buɗe bonet na yi ta matsa tiyon sama kamar yadda ya ce, har ƙugin ya ɗauke.

Ran Litinin aka tashi da ruwa. Hafiza ta shiga kujerar gaba, ta ƙi ko kallon zauren da ke gabanmu. Na bari allura ta hau sannan na murɗa. Muka bi ta Malali a hankali, ruwa na dukan rufin mota. Da na tsaya a ƙofar makaranta na juya in ce ta sauka, sai na tarar ta yi barci, kanta a jikin gilashi, bakinta a ɗan buɗe. Yara na ta gudu da jakunkuna a ka. Wani mai Keke ya danna min oda ta baya, na sauke gilashi kaɗan na yi masa hannu ya wuce, na mayar na rufe da sauri. Ban kashe motar ba. A kan karan hancin Hafiza wasu 'yan ƙananan ɗigon gumi sun fito.