Yatsun Auta

Da wayar caja Babba ya dake ta. Ina falo ina ɗaura ɗankwali na ji saukarta sau uku, sannan shiru, don yarinyar ba ta kuka nan take. Sai ta haɗiye numfashi tukuna, ta dubi bayan hannunta kamar na wani ne, kafin muryar ta fito.

"Na ce ki ajiye hannuwan nan. Ke kaza ce?" in ji Babba.

Shekararta huɗu. Jikata ce, autata ce ta haife ta. Tsuntsuwa muke ce mata, saboda in abu ya yi mata daɗi sai ta ɗaga hannu biyu ta yi ta kaɗa su a gefen kunnuwanta. Abin da ya yi mata daɗi ranar, ruwa ne da ke zuba daga famfo cikin bokiti. Babba kuwa ɗana ne na fari, a gidansa nake zaune tun da na yi ritaya.

Na leƙa. Layi uku sun tashi a bayan hannun, ɗaya ya fashe.

"Ya isa haka," na ce.

"Inna, a wurinki na koya. In ba a miƙar da ita yanzu ba, uwarta za ta zama."

Shekara talatin da ɗaya na yi ina shugabar makarantar firamare, babu hannun da ya wuce ta gabana yana rawa ban tsayar da shi ba.

Uwar yarinyar, Auta, shekararta talatin da shida, aurenta ya mutu tun Tsuntsuwa tana rarrafe. Yanka take yi a wani kamfanin ɗinkin yunifom. Yatsu biyu na hannunta na hagu a karkace suke, ƙaramin da na kusa da shi, kuma kowa a dangi ya san labarinsu: tana shekara biyar fushi ya taso mata, ta sa hannu a bakin ƙofa ta banko ta da kanta. Da wannan labarin ta girma. Shi ya sa wata bakwai da suka wuce, ranar da Tsuntsuwa ta yi awa biyu tana tsala ihu har Auta ta tsinci kanta a banɗaki tana buga goshi da bango, ta wanke jinin, ta ɗauko yarinyar da jakar kayanta ta kawo mana.

"Wadda ta karya nata yatsun," ta ce, idonta a kan takalmina, "me zai hana ta karya na 'yarta?"

Tun daga nan ranar hutu kawai take zuwa. Ta zauna nesa da yarinyar, ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyi.

Yanzu kuma ta samo wata likita mai yi wa manya gwaji, wai don mutum ya gane yadda ƙwaƙwalwarsa take aiki. Ta je sau uku. Zama na huɗu sai da wanda ya san ta tun tana ƙarama. Ubansu ya rasu, saura ni. Can za ni da safen nan.

Babba ne ya kai ni. Da ya tsayar da mota a bakin ginin, sai ya kama wuyan hannuna ya matse har awarwaro ya nutse a fata.

"Ki ce ba ki tuna ba. Tsufa ne, wa zai kama ki? 'Ya'ya mata uku gare ni, ba za a rubuta a takarda cewa akwai taɓin hankali a gidan nan ba. Ɗayan abin ma ba za a rubuta ba."

"Wane abu?"

"Inna, shekarata goma sha biyu lokacin. Ina tsaye a baranda."

Bai taɓa faɗa ba sai ranar. Na zare hannuna na fita.

Ɗakin yana hawa na biyu, saman wani kantin magani. Kujeru uku, babu tebur a tsakani, an kashe dogon ƙwan lantarkin saboda Auta tana jin zizarsa a haƙoranta. Likitar ba ta kai Auta shekaru ba, takalmin gudu ne a ƙafarta. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce irin gwajinsu da abin da mutum ya iya yake farawa, ba da abin da ya kasa ba.

"Wato jarrabawar da ba a faɗuwa," na ce. "Da na san da ita da na huta da jan biro."

Ta yi dariya, ta buɗe fayil. Ta ce Auta tana duban bandir ɗin yadi ta jera gutsattsarin riga ashirin da huɗu a cikin kanta, ta yanke, ragowar ba ta cika tafin hannu ba. Tana jin keken ɗinki zai lalace kwana biyu kafin ya tsaya. Awon da ta ji sau ɗaya ba ta mantawa. Ta ce alamu sun nuna otizim ne, wani yanayin ƙwaƙwalwa da ake haifar mutum da shi, amma sai ta ji daga bakina.

"'Yar nan," na ce, "a gabana aka ce aljanu ne. Da muka yi boko muka ce taurin kai ne. Ku kuma kun ce baiwa ce. Kowane zamani da sunan da yake rufa wa abin da bai gane ba."

"Ban ce baiwa ba, Mama. Hayaniya azabtar da ita take yi, ba zan kira wannan baiwa ba. Ina dai so in san abin da ke tsaye a ginin kafin in duba inda ya tsage. Tana ƙarama, me take yi in ta ji daɗi?"

Na zo da shirina. Da laifuffuka ta tambaya da na jero su ba gargada: ba ta kallon ido, ba ta amsa kira, ba ta cin abinci in iri biyu sun taɓa juna a faranti. Wannan tambayar ce ban tanadar wa komai ba.

"Jaridu take yankawa," na ce can. "Tsofaffin jaridun ubansu. Murabba'i, duk girma ɗaya. Na taɓa sa rula na auna, ban sami wanda ya fi wani ba."

"Sai kuma me?"

"In za a zuba ruwa a baho sai ta hana, ta kwashe tururuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya ta kai su bakin katanga. Mukan makara saboda tururuwa."

"Ta taɓa dukan wani yaro?"

"A'a."

"Cizo fa?"

"An dai cije ta."

Likitar ta ajiye biro. "Abin da na gani ke nan ni ma. In abu ya fi ƙarfinta, gudu take ta nisanta kanta da mutane. Ranar banɗakin ma, sai da ta kwantar da yarinyar a gado ta kewaye ta da matasai kafin ta kulle kanta. Abu ɗaya ne ya ƙi zama da sauran. Ƙofar."

Auta ba ta yi magana ba tun shigowata. Yanzu ta yi, tana kallon ƙafar kujerata.

"Ina tuna ƙararta, Inna. Ƙofar ofishinki. Ta ƙarfe ce, tana gurzar siminti, masinja ma da kafaɗa yake tura ta. Kullum ina yanka rigunan 'yan shekara biyar. Hannun rigar bai kai tsawon almakashina biyu ba." Ta numfasa. "Fushi yana ba yaro irin wannan ƙarfin?"

Ba tuhuma take yi ba. Auta ba ta iya tambayar da ta san amsarta ba. In na ce eh, za ta karɓa, ta koma ta zauna a kan hannuwanta, Tsuntsuwa kuma ta girma a gidan mai duka da waya.

"Ba ya bayarwa," na ce. "Ni ce."

Na faɗa musu yadda aka yi. Masu duba makarantu ne suka zo, maza uku da jakunkuna. Ina zagayawa da su muka tarar da ita a bakin ofis, hasken taga yana faɗowa a kan ƙasa, tana ta kaɗa hannu tana gurnani. Babbansu ya yi dariya ya ce, 'yar waye wannan, a nan ma kuna ajiye irinsu? Na ce 'yar mai shara ce. Da motarsu ta fita na ja ta zuwa ƙofa. Na kama hannunta na hagu, don na dama na rubutu ne, har wannan sai da na lissafa. Na ɗora yatsun a bakin ƙarfen, na ce yau za ki tuna, na tura da kafaɗa. Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Farce ɗaya ya maƙale a jikin fentin. Ta daɗe ba ta yi kuka ba, bakinta a buɗe, babu murya. A asibiti na ce ita ta yi wa kanta. Na maimaita wa ubanta, na maimaita wa dangi, na yi ta maimaita mata har ya zauna.

Likitar ba ta rubuta komai ba. Auta ta zaro hannuwanta daga ƙarƙashin cinyoyi, ta dube su, sai suka fara rawa a gefen kunnuwanta, da sauri, karkatattun yatsun suna bin sauran a baya. Rabon da in ga haka shekara talatin da ɗaya. Ba murna ba ce, kuma ban san sunan abin ba.

"Da safen nan yayanki ya daki Tsuntsuwa da waya," na ce. "A hannu."

Ta miƙe ta ɗauki jakarta.

Babba yana cikin mota da muka sauko. Kallo ɗaya ya yi mana ya tayar da ita ya tafi ya bar mu. Muka tari tasi. Ko da muka isa yana tsaye a bakin ƙofar gida, ya naɗe hannun riga.

"Yaya, na zo ɗaukar 'yata."

"Wace 'yar? Wadda kika jefar kika gudu?"

"Na zo ɗaukarta."

Ya kwaɗa mata mari da bayan hannu. Ta faɗi a kan matakala, leɓenta ya tsage, jakar ta zube: ma'auni, alli, da babban almakashin yanka, wanda ya yi ta zamewa a kan siminti har ya tsaya a tsakaninsu. Duk muka dube shi. Auta ta miƙa hannu ta ɗauka. Babba ya ja baya taku ɗaya, na ga tsoro a fuskarsa, shi da ya san gaskiyar labarin ma ya gama yarda da ƙaryar. Ta rufe bakin almakashin, ta mayar cikin jaka, ta ja zik, ta tura jakar can gefen kwata. Sannan ta tashi.

"Ka matsa, Yaya."

Ya shure ta a ƙwauri. Ta durƙusa, ta sake tashi. Ya cakumi wuyan rigarta ya buga bayanta da bango har na ji haƙoranta sun haɗu. Matarsa tana leƙe ta taga, ta saki labule. Auta ba ta ɗaga hannu ba ko sau ɗaya, jini yana bin haɓarta, tana ta faɗin magana ɗaya, ka matsa, ka matsa.

"Mahaukaciya ba za ta fita da yarinya daga gidana ba," ya ce. Ya hankaɗe ta, ya faɗa ciki, ya kamo ƙofar da hannu biyu.

Mutane za su so su ce tuba na yi. Ban yi wani tunani ba. Ni ce dai na fi kusa, na kuma san abin da ke hana ƙofa rufuwa. Na sa hannu.

Na ji ƙarar kafin zafin. Sannan zafin ya hau har kunne, na zube ƙasa. Babba ya ja ƙofar baya, ya tsaya yana kallon yatsuna da suka kwanta inda ba wurinsu ba, bakinsa yana motsi, "Inna, Inna," kamar yaron da na bari a baranda.

Auta ta bi ta ƙarƙashin hammatarsa ta shige. Ta san inda za ta duba, bayan tankin ruwa, inda babu hayaniya. Ta fito da yarinyar a kafaɗa, ta riƙe ta da hannu biyu. Ta tsaya a kaina ta dubi hannuna yadda take duban yadi.

"Uku ne," ta ce. "Kar ki bari su naɗe kawai. Sai an sa ƙarfe, in ba haka ba karkacewa za su yi."

Ta ɗauki jakarta ta tafi. Ba ta waiwayo ba, ni ma ban kira ta ba.

Babba ne ya kai ni asibiti, yana tuƙi yana sharar hanci. Nas ta yanke awarwaron da hannun ya kumbura a ciki, ta ɗauko takarda.

"Mama, garin yaya?"

"Ƙofa ce," in ji Babba.

"Wa ya rufe?"

"Ita ce da kanta ta…" Ya tsaya.

Nas ta dube shi, ta dube ni, biro a sama.

"Rubuta ɗanta," na ce. "A wurin uwarsa ya koya, amma ban ga inda za ki sa wannan a takardar taku ba."